Kafin Tayarod Ya Fita

Gaisuwa ta musamman ga direbobin manyan motoci da ke jinmu a kan hanya ko a inda suka yada zango: na Mararrabar Jos da Tafa, na Potiskum, masu jiran lodin siminti a Obajana, da 'yan'uwanmu masu ratsa Maradi da Damagaram da Birnin Ƙonni. Sannunku da fama, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Sharhinmu na yau zai sa mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashin mota, saboda haka bakanike da yaron mota su matso kusa da rediyo. Alhaji mai mota kuma kada ya tashi, don akwai rabonsa a gaba.

Duk sa'ad da aka ba da labarin haɗarin tirela ko tanka, abin da aka fi ji shi ne motar ta ƙwace wa direba. Sai a ƙirga waɗanda suka rasu, a yi musu addu'a, a ja abin da ya rage na motar gefen titi. Ba kasafai ake samun wanda zai leƙa ƙarƙashin gabanta ya ga me ya saki ba. Wani lokaci gudu ne, wani lokaci gyangyaɗi, wani lokaci taya ko birki. Amma akwai wani ɗan ƙarfe da girmansa bai wuce dunƙulen hannun babban mutum ba, wanda idan ya saki, ƙwarewar direba ta shekara 30 ba ta da sauran amfani. Shi ne kan tayarod.

Bari mu bi hanyar da umarnin direba ke bi kafin ya isa taya. Idan ka murɗa sitiyari, juyin yana gangarawa zuwa akwatin sitiyari, wanda ke manne da shasi ta ɓangaren direba. Daga akwatin wani gajeren hannu na ƙarfe ya fito, yana tura wata sanda ko ya ja ta, sandar kuma ta juya tayar da ke ƙarƙashin direba. To, tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma bin hannun dama, sitiyarin motocinmu a hagu yake, kamar yadda yake a Nijar da Kamaru da Chadi. Ke nan tayar hagu ce ke karɓar umarni kai tsaye. Ita kuwa tayar dama, babu abin da ya haɗa ta da hannun direba sai doguwar sandar nan da ta gitta bayan aksul daga wannan taya zuwa waccan. Wannan sanda ita ce tayarod. A kowane ƙarshenta akwai kai guda, ita ma sandar da ta taso daga akwatin sitiyari tana da nata kawuna biyu irin waɗannan. Huɗu ke nan a motar da ke juyawa da tayoyi biyu. Manyan tifofi da motocin kwaɓa kankare masu juyawa da tayoyi huɗu, nasu sun fi haka yawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana raba cinyar sa da ƙugu ya ga yadda kan tayarod yake: ƙashi mai dunƙulallen kai yana zaune cikin kwarmi, yana juyawa ta ko'ina amma ba ya fita. A nan ƙwallon ƙarfe ne mai wuya yake zaune cikin kofin ƙarfe, da shimfiɗa mai santsi tsakaninsu, a yawancinsu kuma da ɗan sifirin da ke danne ƙwallon don kada ya yi lilo. Wuyan ya shige cikin rami a hannun da ke juya taya, an ɗaure shi da noti. Sai roba da ta lulluɓe bakin kofin, tana tsare giris a ciki, tana hana ƙura da ruwa shiga.

Idan birki ya tsinke, direba yana da sauran dabara: ya rage giya, ya ja birkin inji, ya nemi tudu ko yashi ya cusa motar. Idan tayar gaba ta fashe, mai ƙarfin hannu da natsuwa yakan iya riƙe sitiyari har mota ta lafa. Ranar da ƙwallon nan ya fice daga kofinsa kuwa, tayar dama ta zama mai cin gashin kanta. Tana iya buɗewa waje ko ta lanƙwaso ciki, sau da yawa a daidai lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami, ta fizgi motar zuwa inda ta ga dama, da tan 30 ko 40 na kaya a baya suna turowa. Idan kuma na sandar akwatin sitiyari ne ya fita, sitiyarin sai ya riƙa juyawa fayau a hannun direba, babu tayar da ke amsa shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, a cikin duk abubuwan da ke kashe mutane a jikin babbar mota, da wuya a sami wanda ke daɗewa yana gargaɗi kamar wannan. Kan tayarod mai kyau ba ya kwana lafiya ya wayi gari a fice. Makonni yake yi, wani lokaci watanni, yana cinyewa a hankali. Kuma mutuwarsa kusan kullum daga robar take farawa. Rana ta gasa ta, ta tsattsage, ko wani itace ko dutse ya yage ta, ko a wurin wankin mota a sa mata bakin injin feshi kai tsaye har ta ɗage. Da ta buɗe, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris, abin da aka zuba don santsi ya koma yana goge ƙarfe. Damina ta zo, ruwa ya shiga ya wanke sauran giris ɗin, tsatsa ta kama. Masu tifa da ke shiga rafi ɗebo yashi a Challawa ko Wudil sun fi kowa sanin wannan, domin gaban motarsu yana nutsewa cikin ruwa da yashi kusan kullum. Ƙwallo ya riƙa ƙanƙancewa, kofi yana faɗaɗa, har ranar da bakin kofin ya kasa riƙe shi.

Sai a ƙara da hanya da lodi. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa, bugun yana bi ta wuyan ƙwallon nan. Doka mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta ƙayyade tan 6 a kan aksul ɗin gaba. Ku da kuke lodi kun san yadda ake yi: a ƙara wa bodi tsawo, a ƙara ganyen sifirin don kada motar ta zauna, a jibga kaya har saman kan direba. An ƙara sifirin, amma kan tayarod yana nan yadda masu ƙera motar suka auna shi. Akwai kuma ɗabi'ar murɗa sitiyari har ƙarshe alhali mota tana tsaye cik da cikakken lodi, musamman wajen juyawa a matsattsen wuri. Fawar sitiyari za ta yi maka aikin ba tare da ka ji nauyi ba, amma duk wannan ƙarfi ta kawunan nan yake wucewa. Ka bari motar ta ɗan motsa, ko da taku ɗaya ne, sannan ka murɗa.

Fawar nan ma tana da nata laifin. Dattawan direbobi da suka tuƙa tsofaffin motoci masu busasshen sitiyari sukan ji komai a tafin hannunsu, ko ɗan lilo ne ya fara. Motocin yau, DAF da MAN da Actros da Howo, sun sauƙaƙa wa direba, amma sun rage masa ji. Duk da haka alamun ba sa ɓuya ga mai lura. Mota ta fara yawo a kan miƙaƙƙiyar hanya, kana ta gyara ta hagu da dama ba hutawa. Sitiyari ya yi wasa, ka murɗa shi da ɗan dama kafin taya ta amsa. Ka ji ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafarka idan ka hau gargada. Gaba ya riƙa rawa a wani mataki na gudu, ko motar ta ja gefe idan ka taka birki. Gaskiya ne cewa kimfin ko boris ɗin taya ko bushin sifirin ko shi kansa akwatin sitiyari suna iya kawo irin waɗannan alamu. Shi ya sa ba a yanke hukunci daga kan kujera, sai an sauka an duba.

Tayar gaba ma tana ba da shaida. Shafa tafin hannunka a kanta daga ciki zuwa waje, sannan ka dawo. Idan ta yi sumul ta ɓangare ɗaya, ta ɗaya ɓangaren kuma tana kartar hannu, tayoyin ba sa kallon gaba tare. Ga ɗan lissafi ga Alhaji mai mota. Tsayin tayar tirela daga ƙasa zuwa sama ya kai kamar mita 1. Idan saitin tayoyin gaba ya kauce da milimita 3 kacal, a kowace kilomita tayoyin biyu suna gogar kwalta a kaikaice na kusan mita 3 a tsakaninsu. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Ke nan a zuwa kaɗai an ja su a gicciye na kusan kilomita 3, da lodi a kansu. Je ka tambayi kuɗin sabuwar taya guda, ka tambayi kuɗin kan tayarod guda biyu, ka gwama. Man dizal ɗin da aka ƙona wajen wannan jan ma ba mu sa shi a lissafi ba.

Yanzu ga yadda ake dubawa, kuma ba ya bukatar na'ura. Mutum biyu ne da fitila. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi suna kallon gaba, a ja birkin hannu, a sa weji gaba da bayan tayoyin baya. Kada a ɗaga ta da jak tukuna, domin nauyin motar a kan taya shi ke tona asirin lilon. Da farko, inji yana aiki, direba ya riƙa murɗa sitiyari a hankali, na ƙasa yana tsaye gefe yana kallon taya, a ga iya tafiyar da sitiyari ke yi kafin taya ta motsa. Daga nan a kashe inji, sannan mai dubawa ya shiga ƙarƙashi. Direba ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, gajere-gajere, shi kuma na ƙasa ya haska kowane kai ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsunsa a inda kofi ya haɗu da hannun taya. Ya kamata su tafi tare kamar abu guda. Idan ɗaya ya riga ɗaya motsi, ko kofin yana ɗagawa yana sauka, ko notin kansa yana motsi, an sami mai laifi.

Bayan haka ya kama sandar kusa da kan da hannu biyu, ya tura sama ya ja ƙasa da iya ƙarfin hannunsa. A nan yara masu koyo sukan ruɗe, don haka a saurara. Idan ka murɗa sandar ta ɗan juya gaba da baya a kan ƙwallayenta, wannan ba laifi ba ne, haka aka yi ta. Wadda ta ƙi juyawa sam ita ce abin tsoro, domin tsatsa ta riƙe ƙwallon, kuma ƙwallon da ya ƙi juyawa wuyansa yake karyewa. Abin da ba a so shi ne motsin shiga da fita, ƙwallo yana lilo cikin kofi. A Amurka da Kanada, jami'an da ke duba manyan motoci a kan hanya suna hana mota ci gaba da tafiya nan take idan wannan lilo ya wuce kimanin milimita 3 da ƙarfin hannu kawai. Milimita 3, jama'a, bai fi kaurin tsinken ashana da kaɗan ba. Wannan shi ne matakin da ake ajiye mota a inda take. Wanda bai kai haka ba amma hannu yana jin sa, shi ma ya gama aiki, a nufi gareji da shi, kada a nufi wurin lodi.

Kuma da hannu aka ce. Na san al'adar garejinmu ita ce a zura doguwar sandar ƙarfe a banƙara. Wannan yana danne sifirin da ke ciki, ya nuna maka lilo a kan da ba shi da laifi, wani lokaci ma ya lalata shimfiɗar cikin ko ya yage robar. Kafin ka fito, duba robar ko ta tsage, duba fin ɗin da ke kulle noti ko yana nan, duba maɗaurin da ya matse bakin sandar, duba sandar ko ta lanƙwashe. Jan gari mai kama da tsatsa a kewayen noti ko maɗauri alama ce ta cewa ƙarfe biyu suna gogar juna a inda bai kamata su motsa ba.

Batun giris yana da rassa biyu. Yawancin motocin Turai na yanzu kawunansu a rufe suke zuwa, an cika su da giris tun daga masana'anta, babu bakin ɗurawa. Irin waɗannan ba a huda su. Na sha ganin an huda robar da allura an ɗura giris, ana ganin gata aka yi wa motar, alhali ƙofa aka buɗe wa ƙura. Idan robar irin wannan kai ta yage, ranar canjinsa ta zo. Motocin Amurka irin su Mack, da tsofaffin motoci da dama, nasu suna da ɗan bakin ɗura giris. A goge bakin da tsumma kafin a sa famfo, in ba haka ba ƙasar da ke kansa ce za ta fara shiga. A yi amfani da famfon hannu, a riƙa bugawa a hankali har tsohon baƙin giris ya fito, sabo ya biyo bayansa. Famfon iska mai ƙarfi yana iya fasa robar. Idan giris ya ƙi shiga, a kwance bakin a wanke ko a sa sabo, kada a tsallake shi a ce an yi sabis. A tsaya kan giris iri ɗaya, domin wasu nau'o'in idan suka haɗu sukan tsinke su zube. Giris ɗin da ake sayarwa a buɗaɗɗen bokiti a bakin titi, wanda ƙura ta wuni tana sauka a kansa, bai dace da wannan wuri ba. Littafin kowace mota ya faɗi tazarar da za a riƙa bi, amma a hanyoyinmu ni dai shawarata kada a canza baƙin mai ba tare da an bi kawunan nan ba, mai shiga rafi kuma ya riƙa yi duk mako.

Sai dai a sani, giris ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Kan da ya riga ya yi lilo, idan aka cika shi da giris zai yi shiru na kwana biyu, direba ya ɗauka ya warke.

Wannan ya kawo mu ga gyare-gyaren da ya kamata a daina. Oga bakanike, ka yi haƙuri, da kai nake. A ɗora kofin a kan maƙera a bubbuga bakinsa da guduma don ya matse ƙwallon. A buɗe murfin ƙasa a cusa guntun roba ko kwabo, a mayar a yi walda. A naɗe kan da robar tib don kada ya faɗo. A sa ƙusa ko waya a madadin fin. Duk na san dalilin: mota ta lalace a daji, babu kaya kusa, direba yana roƙo. Idan don a ja ta a hankali a fitar da ita daga tsakiyar titi ne, wannan wani abu ne. Matsalar ita ce gyaran da aka yi don kilomita 5 shi ne za a tarar a jikin motar bayan wata uku, tana ɗauke da shanu da mutane a sama. Zafin walda yana kashe taurin ƙarfen, ya narkar da shimfiɗar ciki, ya ƙone giris.

Haka nan miƙar da sandar da ta lanƙwashe da wuta. Sau da yawa ma mu muke lanƙwasa ta: mota ta maƙale a taɓo, a ɗaura sarƙa a jikin tayarod a ja, ko a kafa jak a ƙarƙashinta. Sandar da aka gasa ta yi ja aka miƙe ba ta komawa ƙarfinta na da, kuma za ta sake lanƙwashewa a daidai wurin. Hannun da ke juya taya ma haka. Ba a banza aka karkata shi ba. Idan mota tana shan kwana, tayar ciki tana bin ƙaramar da'ira, ta waje tana bin babba, don haka dole ta ciki ta fi lanƙwasawa. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan, wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, kuma har yau a kan wannan tsari gaban tirelarka yake. Karkatar hannayen nan da tsawon tayarod su ke samar da shi. Wanda ya gasa ya buga da ido ya rushe wannan awo, motar za ta riƙa cin taya a kowace kwana ko da an saita ta daidai a miƙe. Masu sayen motocin Ingila a juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu, su ma su sa ido sosai a ga ko an yanke wata sanda an haɗa da walda.

Idan za a canza, a canza duka biyun da ke kan sanda ɗaya, domin tare suka sha wahala. Kafin a kwance, a auna tsawon sandar daga tsakiyar wannan kai zuwa tsakiyar wancan, a rubuta. A lura cewa ɗaya zarensa na dama ne, ɗaya na hagu, don a riƙa juya sandar ana ƙara tsawo ko ragewa ba tare da an cire kai ba. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. A fitar da wuyan da abin zaro shi, kada a yi ta dukan zaren da guduma. Sannan a duba ramin da wuyan ke zama. Wuyan tsukakke ne ta sama, ramin ma haka, kuma matsewar da suke yi wa juna ita ke riƙe su, noti yana jawo su ne kawai. Idan tsohon ya daɗe yana motsi har ramin ya faɗaɗa, sabon kai ba zai zauna ba, sai an canza hannun gaba ɗaya. Cusa guntun gwangwani a ramin ba gyara ba ne. A goge ramin da wuyan su bushe, a ɗaure noti da sifana mai awo gwargwadon abin da masu motar suka rubuta. Idan tsagar notin ba ta zo daidai da hudar fin ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan har ta zo. Ba a sassautawa baya. A sa sabon fin a buɗe ƙafafunsa. Idan noti ne mai kulle kansa, sau ɗaya ake amfani da shi. Zaren kan kuma ya shige cikin sandar har ya wuce ƙarshen tsagar da ke bakinta, sannan a matse maɗauri, a tabbata ba zai taɓa wani abu ba idan an murɗa sitiyari har ƙarshe.

Aiki bai ƙare ba sai an yi alaimen, wato saitin tayoyin gaba. A yawancin manyan motoci gaban tayoyin yakan ɗan matso ciki da abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, amma kowace mota da nata awo. Inda babu na'ura, tef da alli a hannun mai haƙuri sun fi ido nesa ba kusa ba. Bayan tafiyar farko a sake leƙawa a taɓa notin da maɗaurin.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, za a ajiye maka kala uku: sabo na asali, sabo mai araha, da na Beljiyam, wato na gwanjo. Sunaye irin su Lemförder da TRW sanannu ne, kuma saboda sanannu ne ake buga su a kwalin jabu. Ka riƙe kan a hannu. Sabo mai kyau wuyansa da tauri yake motsawa, ba ya faɗuwa gefe da kansa. Zarensa a tsaftace yake, robarsa mai kauri ce da zoben da ya kama ta. Je da lambar shasi ko da tsohon, domin kai biyu suna iya yin kama a ido alhali tsukewar wuyansu ta bambanta. Na Beljiyam kuwa, ina da ja a kansa. Ƙofa ko fitila ko ma giyabos na gwanjo, babu laifi. Amma kan tayarod abu ne mai cinyewa, kuma ba ka san kilomita nawa ya ci a ƙasarsu ba kafin a yanka motar.

To Alhaji, ga rabonka. Yawancin direbobin da ke yawo da sitiyari mai wasa sun san yana wasa. Sun faɗa. Amsar da suke samu ita ce a lallaɓa a je a dawo, lodi ba ya jira. Wani maigidan ma cewa zai yi a cire daga kuɗin hanya, wanda da ma bai isa ba, ko ya zargi direba da haɗa baki da bakanike. Direba ya san akwai mutum goma da ke jiran makullin nan, sai ya yi shiru ya hau. Idan abin ya faru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda aka gaya masa ƙarfe ya saki ya ce a tafi, akwai tambayar da ke jiransa, a nan da kuma gobe ƙiyama. Idan kana tsoron a cuce ka, abin mai sauƙi ne: sa a kaɗa sitiyari ka ɗora hannunka da kanka, kuma ka ce a kawo maka tsohon da aka cire. Kai ma direba, idan maigida ya ba da kuɗin na asali, kada ka sayi mai araha ka soke canji, domin kai ne zaune a kansa.

Hukumomi ma da nasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta fito da tsari tun 2007 da ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya kasance da sashen kula da lafiyar motoci da jami'in da ke riƙe da shi. Tana kuma duba tankokin mai a depo kafin a yi musu lodi. Abin da muke roƙo shi ne duban ya sauka ƙasa. Takardu da fitila da abin kashe gobara ana ganinsu daga tsaye, kan tayarod kuwa sai an durƙusa. Jami'an VIO da ke ba da takardar lafiyar mota, minti biyar na kaɗa sitiyari ya kamata ya shiga cikin abin da suke sa hannu a kai. Ƙungiyoyin NARTO da NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG suna da iko a tasha fiye da kowa. Za su iya cewa babu motar da za ta shiga layin lodi sai bakaniken tasha ya taɓa kawunan nan huɗu. Idan kuma haɗari ya auku, masu bincike su ɗauki kan da ya rabu su duba. Wanda bugun haɗari ya karya, karayarsa sabuwa ce mai ƙyalli. Wanda ya jawo haɗarin kuwa za a ga ƙwallonsa ya cinye, ya yi tsatsa, bakin kofin ya buɗe, babu ɗigon giris. Da wannan za a san ko direba za a tuhuma ko mai mota ko wanda ya yi gyaran.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsaya a wannan aksul ɗin na gaba mu duba kimfin da boris, da yadda ake bambance lilonsu da na tayarod idan an ɗaga mota a jak.